Abin da rajistar ajina ta koya mini game da Akra

Ƙarfe takwas saura kwata nake buɗe rajista in fara kiran suna. Shekara tara ke nan ina wannan aiki a wata ƙaramar sakandaren gwamnati da ke tsakanin Nima da Mamobi, tun fitowata daga kwalejin horon malamai. A can an koya mana yadda ake cika ta: wanda ya zo ka yi masa alama, wanda bai zo ba ka sa masa sifili, ranar Juma'a ka haɗa jimla. Sai da na daɗe da ita a hannu na gane cewa rajistar aji tana riga jarida sanin halin da gari yake ciki. In kuɗin mota ya tashi, ranar Litinin zan gani. In masu gidaje sun fara neman sabon adibas, zan gani a watan Janairu, sunaye biyu ko uku su yi ta shan sifili har in gaji in ja musu layi.

Bara akwai wani yaro a aji biyu, mai kai ƙwarai a lissafi, da ya fara zuwa a makare. Yau ƙarfe tara, gobe tara da rabi, in ya zauna kuma sai gyangyaɗi. Na yi abin da mu malamai muka saba. Na miƙa masa tsintsiya, na sa shi kwasar shara, har na ce masa ƙwallo da waya ne suke hana shi barci. Mako biyu ina hukunta shi kafin ya faɗo mini a rai in tambaye shi dalili. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ticha, ai mun tashi. Yanzu muna bayan Kasoa.”

Ashe ƙarfe uku da rabi na dare ake tashinsa. Shi da mahaifiyarsa suke fitowa da robobin gasara, domin teburin kokonta da masu sayenta duk suna Nima, inda ta fi shekara goma tana sayarwa. Yayarsa da ke taya ta a da, yanzu an bar ta can gida da ƙanne, saboda haka shi ne mai zuba ƙosai da karɓar kuɗi har layi ya ragu, sannan ya sa rigar makaranta a bayan kiyos ya rugo. Wallahi ranar kunya ta kama ni. Na karɓi tsintsiyar daga hannunsa na ce ya je ya zauna.

Tun daga nan nake ta juya wannan magana a raina: wane irin gari ne wannan da mace za ta kwana a wani yanki na ƙasa, ta yi sammako ta ƙetara zuwa wani yankin don ta sayar da koko? Domin Kasoa, mai karatu ya sani, ba ta cikin yankin Babban Akra a takarda. Tana yankin Tsakiya ne. Amma je ka tsaya a Mallam Junction da asuba ka ga motocin da ke kwararowa daga can, za ka san cewa garin ya daɗe da tsallake iyakar da aka shata masa.

Bari mu ɗan taɓa lissafi, tunda shi nake koyarwa. A ƙidayar 1984 mutanen yankin Babban Akra miliyan 1.4 ne. A 2000 sun kai miliyan 2.9. A 2010 sun haura miliyan 4, a 2021 kuma miliyan 5.4 da ɗoriya, shekarar da yankin ya sha gaban Ashanti ya zama mafi yawan jama'a a Gana. Ƙasar baki ɗaya miliyan 30.8 ce a wannan ƙidaya, wato fiye da mutum ɗaya cikin kowane shida yana nan, a yankin da ya fi kowanne ƙanƙanta, wanda bai kai kashi biyu cikin ɗari na faɗin ƙasar ba. Tsakanin ƙidaya biyu na ƙarshe kawai an ƙaru da kusan mutum miliyan ɗaya da rabi. Kowanne cikinsu yana son ɗaki da ruwa da wurin zama a trotro, in yana da ɗa kuma yana son benci a aji irin nawa.

Wani abin ban dariya shi ne, in ka nemi “Akra” a takardun hukuma, za ka tarar da majalisar birnin da ke ɗauke da wannan suna ba ta da ko mutum dubu 300. An yanka garin gunduwa-gunduwa, yankin yanzu yana da majalisu 29. Nima tana ƙarƙashin Ayawaso ta Gabas, Mamobi tana Ayawaso ta Arewa, alhali kwata ɗaya ce ta ratsa su, in ta cika kuma ba ta tambayar wace majalisa ce ke da bakin nan, wace ce ke da wancan. Ita kuwa gundumar da Kasoa take, mutanenta sun ninka fiye da sau biyu tsakanin 2010 da 2021. Ko sunan garin ma namu ne, kasuwa ce aka lanƙwasa ta zama Kasoa, domin 'yan kasuwar zango ne suka raya wurin tun yana ƙauye. Yau jikokinsu suna komawa can, amma wannan karon kuɗin haya ne ya kora su.

Dattawanmu, waɗanda har yanzu Ankara suke kiran garin, sun san lokacin da zango yake bakin daji. Turawa sun dawo da hedikwatarsu daga Cape Coast zuwa nan a 1877, fatake da malamai da mahauta suka yi ta sauka a wajen Zongo Lane da Cow Lane. Da wuri ya yi kaɗan, Malam Baƙo ya ja jama'a zuwa Sabon Zango a farkon ƙarnin da ya wuce. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya sauka da shanunsa a filin da ya zama Nima. A 1959 aka kafa Madina, can nesa da gari a lokacin. Kowane zango da ka sani a bayan gari aka kafa shi, inda ƙasa ba ta da tsada kuma ba wanda yake so. Sai garin ya biyo mu, ya wuce mu, ya zagaye mu. Yau mutumin Nima in ya hau bene yana hango Kanda da babban masallacin ƙasa da aka buɗe a 2021, fadar shugaban ƙasa tafiyar ƙafa ce, filin jirgi da unguwannin da ake biyan haya da dala suna nan kusa. Ƙasar da kakanninmu suka ɗaure shanu a kanta ta zama zinariya, mu da ke kanta kuma yawancinmu 'yan haya ne.

To, a nan gizo yake saƙa. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi adibas fiye da na wata shida. Kowa ya san wannan doka, kowa kuma ya san cewa in ka ambace ta a gaban mai gida, zai yi murmushi ya ce ka je ka yi shawara, kafin la'asar ya ba wani ɗakin. Shekara biyu ake nema, in an tausaya maka shekara ɗaya. Mai sayar da koko tana samun kuɗinta ne kullum, kaɗan-kaɗan, tana zuba wa mai susu. Za ta iya biyan haya wata-wata ba tare da ta fasa ko sau ɗaya ba. Amma a ce ta kawo na wata ashirin da huɗu a dunƙule, a sabon farashi, cikin mako biyu? Ta ina? Abin da ya faru da mahaifiyar ɗalibina ke nan. Ciki da falon da suka shekara goma a ciki, adibas ya ƙare, aka ƙara kuɗi, aka ce akwai mai jira. Abin da ta tara bai kai ko rabi ba, amma ya isa ɗaki a bayan Kasoa. Sai ta ɗauki rangwamen haya ta miƙa wa direbobin trotro, ta haɗa musu da barcinta da na ɗanta.

Gwamnati da bakinta tana cewa ƙasar na da giɓin gidaje kusan miliyan 1.8. A 2023 an ƙaddamar da wani shiri na ranta wa mutane kuɗin adibas su riƙa biya wata-wata, tunani mai kyau, sai dai yana son ka nuna shaidar abin da kake samu, mai koko kuwa shaidarta tana ɗaure a bakin zane. A Saglemi, can hanyar Aflao, gidaje wajen 1,500 da aka gina da kuɗin bashi sun yi shekara da shekaru ba kowa a ciki sai ciyawa. Masu gina gidaje na kasuwa kuma suna ta gini, ba a ce ba sa yi ba, amma je ka karanta allunansu a East Legon da Cantonments ka ga wa suke yi wa.

Kada kuma mu ɗora komai a kan gwamnati, domin a zango mai gidan da ke neman shekara biyu ba baƙo ba ne. Sahu ɗaya muke tsayawa da shi. Sau da yawa ma shi kansa abin tausayi ne: gidan gado ne, magada ashirin, ba a raba ba tun rasuwar kaka, kowa yana jiran adibas ya karɓi rabonsa ya biya kuɗin makaranta ko na asibiti. Ba mai ikon rushe ɗakunan nan na laka da kwano ya ɗora bene, domin sai kowa ya sa hannu, wani yana Kumasi, wani yana Jamus, wani ba a ga maciji da shi. Haka gida zai zauna hawa ɗaya a tsakiyar birni, ba banɗaki, har ranar da wani mai kuɗi zai zo ya saye shi gaba ɗaya, magada su raba, kowa ya nufi Amasaman ko Ashaiman ko Kasoa ya sayi fili. Can ma sai ya yi sa'a, don fili ɗaya ana sayar wa mutum uku, 'yan tsaron fili kuma suna nan duk da dokar 2019 da ta haramta su. Na taɓa tayar da zancen rabon gado a gaban kawuna, ya dube ni ya ce, “Kai yaro, gidan da Baba ya gina kake so a sa wa tef?” Na yi shiru. Amma ɗakin da aka haife ni yana yoyo har yau.

Wannan ke nan game da inda ake kwana. Saura inda ake nema.

A ƙidayar 2021 ina cikin malaman da aka ɗauka aikin ƙirga. Ita ce ta farko da aka yi da ƙaramar kwamfutar hannu maimakon takarda, daren ƙidaya kuma 27 ga Yuni. Mun fara da bin gine-gine muna rubuta lamba da alli, har kiyos da kontena, domin ana kwana a cikinsu. Daga baya sakamako ya nuna kusan kashi ɗaya cikin biyar na gine-ginen ƙasar nan irin waɗannan ne, kontena da kiyos da ɗakin katako. Ban yi mamaki ba, allina ya ƙare a kansu.

Tambayar da ta fi ba ni wahala ita ce ta aiki. Za ka tambayi mutum ko ya yi wani aiki a kwana bakwai da suka wuce, ya ce maka, “Malam, ina aikin yake? Ai zaune muke.” Sai ka bi shi a hankali. Da asuba ya je ya taya wani sauke buhunan albasa. Da hantsi ya karɓi babur ɗin abokinsa ya yi okada zuwa azahar. Da yamma yana gyaran waya a teburin wani, da dare yana taya mai shayi soya ƙwai. Mutumin da ya yi awa goma sha huɗu a tsaye shi ne yake ce maka ba shi da aiki. Kuma ba ƙarya yake yi ba. A bakinmu “aiki” shi ne wanda ake biya a ƙarshen wata, mai takarda, mai fansho. Sauran duk “buga-buga” ne. Alƙaluman da aka saba kawowa suna cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na masu aiki a Gana irin wannan suke yi. A lungunan da na ƙirga, in ka cire ni da wata nas da wani ɗan sanda mai ritaya, da wuya ka samu mai takardar albashi.

Ba haka aka tsara garin ba tun farko. Zamanin Nkrumah an so a yi birnin masana'antu. An buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a 1962, matatar mai a 1963, madatsar Akosombo da babbar hanyar Akra zuwa Tema a 1965, kamfanin alminiyum na Valco ya fara aiki a 1967, ga masaƙu suna ɗaukar dubban mutane. Ashaiman kanta leburorin Tema ne suka cika ta, waɗanda ba su samu gida a cikin tsararren garin ba. Mutanenmu da yawa sun ci abinci a wannan zamani, ko da a matsayin masu gadi da direbobi da 'yan dako ne. Dokar korar baƙi ta Nuwamba 1969 ta watsa wasu, gidaje da rumfuna suka salwanta cikin mako biyu, tsofaffi har yau ba sa son zancen. Daga 1983 kuma aka shiga gyaran tattalin arziki na masu ba da bashi, aka rage ma'aikata, aka sayar da kamfanoni, aka buɗe ƙofa ga kayan waje. Masaƙu suka yi ta mutuwa a hannun atamfa mai araha. Jama'a ba su daina zuwa ba, sai dai abin da suka tarar ya canza: gari ne na saye da sayarwa, da dako, da gini, da abinci, da sufuri.

Tema tana nan da ƙarfinta, har an faɗaɗa ta da sabuwar tasha a 2019, kayan Burkina da Mali da Nijar suna bi ta nan. Sakatariyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka tana Akra. Akwai bankuna, akwai kamfanonin waya, akwai otal-otal da manyan shaguna. Duk gaskiya ne, kuma kuɗi suna yawo. Amma injin da ke ɗaga kontena mutum ɗaya yake buƙata a inda da ake buƙatar hamsin, banki kuma digiri yake tambaya. Wurin da ke haɗiye ɗaruruwan da ke sauka a tashoshin mota kullum shi ne kasuwa: Makola, Kaneshie, Madina, Malata, Kantamanto, da bakin kowane titi.

Ga kuma yadda garin yake yi da wannan kasuwa da ke ciyar da shi. A ranar 1 ga Yuli 2021, muna tsakiyar ƙidaya, aka rushe kasuwar albasa da filin 'yan kondem na Agbogbloshie, aka ce masu albasa su koma Adjen Kotoku, can bayan Amasaman. Albasar nan yawancinta daga Nijar take zuwa, kwana da kwanaki a mota, masu ita da masu sauke ta da masu rarraba ta kusan duk Hausa suke ji. Ban ce Agbogbloshie wurin zama ba ne, duk wanda ya shaƙi hayaƙin wayar da ake ƙonawa a can ya san ba haka ba. Amma in ka ɗauke kasuwa ka kai ta nesa, ba rumfa kaɗai ka ɗauke ba. Mai abincin da ke dafa musu, mai ruwa, mai aski, yarinyar da ke dako, duk sai su bi ko su rasa. A wannan zangon karatu na ja wa suna uku layi. A farkon Janairun 2025 kuma gobara ta cinye mafi yawan Kantamanto, kasuwar gwanjon da dubban mutane ke ci daga gare ta, cikin dare ɗaya. Su da kansu suka sayi katako suka sake kafa rumfunansu. Wa yake da inshora?

'Yan matan da ke dakon kaya a waɗannan kasuwanni, ko sunan da ake kiransu da shi rabinsa namu ne: “kaya” na Hausa, “yei” kuma mata ke nan a harshen Ga. Yawancinsu daga arewacin ƙasar nan suke, wasu ba su wuce sa'ar ɗalibaina ba. Suna kwana a barandar shaguna da ɗakunan katako na Old Fadama, su biya kuɗin kwana, su biya na wanka, su biya na banɗaki. Talaka a Akra komai da ɗai-ɗai yake saye, shi ya sa ya fi mai kuɗi biya da tsada. Mai famfo a gida yana biyan bil a wata, mai jarka yana biyan ninkinsa a bokiti. In ruwan sama ya sauko kuma su ne a bakin kwata. Ba wanda ya manta daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a Circle suka kashe fiye da mutum 150, da yawansu masu neman na abinci ne da suka fake suna jiran ruwa ya tsagaita su nemi motar gida.

Sai 2022 ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. A farkon shekarar dala ɗaya tana wajen sidi shida, kafin shekara ta ƙare ta haura goma sha uku. Hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba. Aka sa harajin tura kuɗi ta waya, wanda ya faɗa kan momo, bankin marasa banki, har sai da aka soke shi a 2025. A Mayun 2023 ƙasar ta shiga shirin bashin dala biliyan uku na Asusun Lamuni na Duniya. Ni mai albashi na ji a jikina, ina ga wanda ba shi da tabbacin gobe? Yanzu ana cewa abubuwa sun lafa, sidi ya farfaɗo, kuma gaskiya ne an samu sauƙi a wasu kaya. Amma ban taɓa jin mai gidan da ya kira ɗan haya ya ce tunda dala ta sauka ga ragin adibas ba. In wani ya ji, don Allah ya sanar da ni.

Da na ji ana zancen tattalin arzikin awa 24 da gwamnati ta ƙaddamar, na ce to madalla, Allah ya sa a dace. Sai dai a zo Nima ƙarfe biyun dare a ga mai shayi da mai tsire da mai waakye da ke ɗora tukunya. Mu mun daɗe a awa 24. Abin da muka rasa shi ne wanda zai rubuta sunanmu a wani littafi, ya ce in ka tsufa ko ka karye ga abin da za ka samu.

Abin da ya fi damuna a matsayina na malami shi ne abin da yara suke karanta daga duk wannan. Yaro ba wawa ba ne. Yana ganin yayansa da ya gama jami'a, ya yi hidimar ƙasa, shekara uku yana zaune a bes yana yawo da takardu. Yana ganin wani da ya bar makaranta a aji biyu ya hau okada, yana kawo kuɗin cefane kullum. Yana ganin wanda ya tafi ta Libiya ya turo hoto daga Italiya, ba ya ganin waɗanda ba su turo ba. 'Yan mata suna jin labarin aikatau a ƙasashen Larabawa, duk da gwamnati ta taɓa dakatar da wannan biza a 2017 saboda irin abin da ake yi musu. Sauran kuma duk Mohammed Kudus suke so su zama, tunda ɗan Nima ne, a filin ƙasar nan ya fara, ga shi yau a Ingila. Ina ce musu Kudus ɗaya ne, ku kuwa kun fi hamsin a ajin nan kaɗai. Sai su yi dariya, kowa yana ganin shi ne na biyun.

Karatun babbar sakandare kyauta da aka fara a Satumbar 2017 ya taimaka, ba zan ɓoye ba. Na ga yaran da da a aji uku za su tsaya sun wuce. Amma kafin yaro ya kai can sai ya zauna jarrabawar BECE, kafin ya zauna kuma sai ya yi shekara uku yana zuwa aji a farke. Nan ne nake ganin muna asara, shiru-shiru, ba a jarida ba. Kuma ina ganin mun raina makarantun koyon sana'a fiye da kima. Garin da ke gini dare da rana yana neman mai haɗa wuta, mai tayil, mai walda, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, har magina suna ɗauko masu tayil da filasta daga Togo. Sana'o'in da muka gada, fawa da goro da shanu da canji da gadi, ba za su ɗauki jikoki duka ba. Kasuwar shanu ta Tulaku tana nan a Ashaiman, amma naman kaji mai ƙanƙara da ke shigowa ta Tema ya fi araha, gadi kuma kamfanoni masu inifom sun karɓe, su ma takarda suke tambaya. Uba zai yarda ɗansa ya yi shekara huɗu a gareji yana wanke sifana ba takarda, amma in kwamfuta ta tura shi makarantar fasaha sai ya zo yana roƙona a canza masa, wai ba ta manyan yara ba ce.

Na koma kan ɗalibina. Na je na samu mahaifiyarsa a teburinta bayan an tashi, na gaishe ta, na ce, “Mma, me zai hana a mai da shi makaranta can kusa da gida?” Ta ce ta je. Ta gwamnatin da ke kusa ta cika har ana zama a baranda, sauran duk na kuɗi ne. Unguwar gidaje ne kawai suka tsiro, ba makaranta, ba asibiti, ba kwata, titin ma in an yi ruwa sai a cire takalmi. “Kuma Malam,” in ji ta, “in na bar shi can wa zai duba shi? Nan ko ba komai ina ganinsa.”

Muka yi shawara da wani dattijo a masallacin lungunmu, aka samo masa wurin kwana a zauren wata gwaggon mahaifinsa a Mamobi daga Litinin zuwa Alhamis, Juma'a ya bi uwarsa gida. Ita kuma ta ɗauki wata yarinya tana taya ta da safe tana biyanta. Makararsa ta ragu, gyangyaɗin ma haka. Bana yana aji uku, na rubuta sunansa cikin masu zana jarrabawa.

Makon jiya ya tsaya bayan an tashi, yana ta murza hular makaranta a hannu. Ya ce magadan gidan gwaggon sun fara kawo masu saye suna zagayawa, har an auna. Ya tambaye ni ko zuwa watan jarrabawa za a kai. Na ce masa ya je ya yi aikin gidan da na ba su, shafi na arba'in da biyu, zan yi magana da dattijon bayan sallar magariba.